Masu Faɗa a Ji da Fasalin Gidan Gandu: Tasirin Mashawartan Attajirai a Ƙauyukan Hausawan Abu Na'ama da Gaɓar Shuɗin Nilu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi mutanen da attajiri yake saurara kafin a haƙa masa harsashin gida a ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, tun daga Mai Wurno har Abu Na'ama da Rusairis. Hujjarta ita ce gidan da aka gina don kaka da 'ya'ya da jikoki, ranar rabon gado ake sanin ingancinsa. Shawarar da masu kuɗi suka fi ji a yau tana kai su ga gini mai tsada wanda ba ya rabuwa, kuma matan gida, waɗanda sau da yawa rabin ginin nasu ne a shari'a, ba a kiran su wurin shawarar.

Gabatarwa



A Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, manyan attajirai suna buɗe ofis na musamman mai kula da dukiyar iyali. Zuriyar Rockefeller ta buɗe nata tun 1882. Lauyoyi da akantoci na irin waɗannan ofisoshi sukan sa baki har a zanen gida: ina tsoho zai zauna idan ƙafa ta ƙi, wa zai riƙe takardar mallaka, yaya za a yi kada magada su sayar. Attajirin Abu Na'ama mai gonar riɗi da taraktoci biyu da motar ɗaukar kaya ba shi da ofis, amma yana da mutanen da suke yi masa wannan aiki, a kan tabarma, bayan la'asar. Su nake son mu duba.

Na dogara da ayyukan da suka gabata: littafin Mark Duffield a kan Mai Wurno (1981), na C. Bawa Yamba a kan mahajjatan da suka zaune a Sudan (1995), na Farfesa Al-Amin Abu-Manga a kan Hausar Sudan (1999), da binciken Friedrich Schwerdtfeger a kan gidajen Zariya (1982). Na haɗa su da hukunce-hukuncen fiƙihun Malikiyya da dokokin ƙasar Sudan.

Mutanen da suka zo wucewa

Hanyar Makka ce ta kawo yawancin Hausawa wannan yanki. Ayarin da ya fi shahara shi ne na bayan yaƙin Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajen 1906. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta riƙe dubban masu niyyar aikin hajji. Wasu suka zauna a kambo, matsugunan 'yan ƙwadago da ke gefen gonaki, a ƙasar da ba tasu ba. Wasu suka bi kogi zuwa kudu, Sinja da Abu Na'ama da Rusairis, suna kamun kifi, suna noman rani a bakin ruwa, suna fatauci.

Yamba ya nuna wani abu da ya shafi batunmu kai tsaye. A ƙauyukan da ya yi bincike, mutane da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan suna ɗaukar kansu matafiya ne har yanzu, kuma suna ƙyamar gini mai ɗorewa, domin wanda ya yi ginin dindindin kamar ya fasa niyya ne. Malaman da ake zuwa wurinsu neman sa'a da istihara suna da hannu wajen raya wannan tunani. Ke nan shawarar farko da Bahaushen Sudan ya samu game da gida ita ce kada ya zurfafa harsashi. Doka ma ta taya: dokar filaye ta 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kuma mutumin da ake yi wa tambayoyi a kan takardar zama ɗan ƙasa ba ya gaggawar zuba dukiyarsa a bango.

Saboda haka ranar da attajirin irin wannan ƙauye ya sayi jan bulo daga masu gasawa a bakin kogi, magana ce ya yi wa gari cewa ya zauna. Abin da ya sa shawara take da nauyi a nan fiye da Kano ko Katsina ke nan.

Gidan da ke girma da mutanensa

Fasalin gidan Bahaushe sananne ne: zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida da ɗakunan mata, turaka, madafi, rumbu da makewayi. Abin da Schwerdtfeger ya bibiya a Zariya shi ne yadda wannan gida yake canzawa tare da mutanen cikinsa. Ɗa ya yi aure, a ja masa danga a yi masa sashe. Tsoho ya rasu, a bar ɗakinsa ya zube, ƙasar ta koma tubalin wani ɗakin. 'Yan'uwa suka raba gandu, a toshe wata ƙofa a fasa wata. Polly Hill ta nuna a Batagarawa (1972) cewa gandu kansa ba kasafai yake daɗewa bayan mutuwar uba ba. Ginin ƙasa ya san da haka, shi ya sa yake da sauƙin gyara.

A Sudan wannan fasali ya haɗu da na maƙwabta. Hosh na Larabawan kogi shi ma katanga ce mai ɓangaren maza da na mata. Diwan yana yin aikin zaure, rakuba tana yin aikin rumfa, guɗiyya mai jinka ita ce ɗakin talaka da na sabon zuwa, ginin jalus kuma shi ne na ƙasa da ake ɗorawa sahu-sahu a shafe da zibala kafin damina. Duk waɗannan ana iya ƙara su, ana iya rage su. Matsalar tana farawa ne idan kuɗi suka zo.

Malamin gida

Babu attajirin da zai fara gini bai sanar da malaminsa ba. Abin da aka fi gani shi ne zaɓen rana da addu'a da sadaka, amma tasirinsa a kan fasali ya wuce nan nesa. Shi zai ce kada makewayi ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Shi zai tuna wa mai mata uku cewa kowace tana da haƙƙin mazauninta, kuma adalci yana shiga har faɗin ɗaki, don haka ake ganin ɗakuna a jere masu girma ɗaya, ƙofofinsu na kallon tsakar gida ɗaya. Shi zai ce yara maza da suka tasa a fitar da su kusa da zaure. Idan mai ilimi ne sosai, zai faɗa wa maigida abin da ba ya son ji: a Muhtasar na Halil, mace tana da ikon ƙin zama tare da dangin mijinta, sai a wasu halaye da aka keɓe. Wannan hukunci ɗaya ya isa ya sa a yi wa sashen kowane ɗa madafinsa da makewayinsa, kuma duk wanda ya san abin da ke faruwa tsakanin faccaloli a kan murhu ɗaya ya san amfaninsa.

Malaman Malikiyya sun daɗe da rubutu a kan gini. Ibn al-Rami, maginin Tunis na ƙarni na 14, ya tara hukunce-hukuncen katanga da taga da magudanar ruwa, ciki har da hana buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci. A ƙasar Hausa, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan mallakar ƙasa. Jama'ar da ta fito daga Sakkwato ta zo da wannan gado, ko da littattafan ba su kai hannun kowa ba.

Inda malami ya fi tasiri, kuma inda ya fi yin shiru, shi ne batun kyauta da gado. Attajirai da yawa suna son su raba wa 'ya'ya sassa tun suna raye. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Idan uba ya ce ya bai wa ɗansa gidan da shi kansa yake ciki, bai fita ba har ya rasu, kyautar ta ɓaci, gida ya koma gado. Wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, ba a yin ta ga magaji. Ga mai zanen gida, ma'anar wannan a fili take: sashen da ake son ya zama na wani dole ya sami iyaka da ake gani da ƙofar da za a iya miƙa mabuɗinta gaban shaidu. Malamin da ya faɗi haka tun ana awon fili ya kashe rigimar shekara ashirin. Na ce yana yin shiru domin maganar mutuwa tana da nauyi a gaban mutumin da ke murnar sabon gini, balle idan shi ke ciyar da almajiran malamin. Ina ganin wannan kunya tana cutar da marayu, kuma nauyin yana kan malamai.

Akwai kuma wani abu da ake mantawa. Jama'a Malikawa ne, amma dokar iyali ta Musulmin Sudan ta 1991 tana komawa ga mazhabar Hanafiyya a inda ba ta yi magana ba. Amsar da aka bayar a zaure ba lalle ta zama ita alƙali zai bayar a Sinja ba.

Yaron gida, ɗan ci-rani da injiniya

Kowane attajiri yana da amintaccen da ke riƙe masa lissafi, wanda ya san buhu nawa na riɗi aka kai kasuwa, da bashin da ke kan manoma, da kuɗin gas na taraktocin da ke aiki a manyan gonakin Dali da Mazmum. Wannan mutum kasuwa yake gani a cikin gida. Shi ke cewa a yi shaguna a jikin katangar da ke kallon titi, a yi sito kusa da ƙofa, a faɗaɗa ƙofar yadda mota za ta shiga. Shawara ce mai amfani, tana kawo haya. Sai dai tana cinye fuskar gida, wato gefen da nan gaba za a buƙaci fasa wa sassa ƙofofi. Gidan da shaguna suka rufe gabansa, ƙofa ɗaya gare shi har abada.

Omda ko shehun gari yana da tasa rawar, musamman wurin samun fili da shaidar iyaka. Gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970, daga baya aka dawo da shi, kuma har yau tambayar wa ke da ikon ba da fili ba ta mutu ba a wannan yanki. A garuruwan da hukuma ta yanka filaye, tsarin daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku da aka gada daga Turawan Ingila shi ke ƙayyade girman fili da irin kayan gini. Attajirin da ya sami mai ba shi shawara tun da wuri yakan sayi filaye biyu ko uku a manne, kowane da takardarsa, ya kewaye su da katanga ɗaya. A ganina babu dabarar da ta kai wannan, domin gida ɗaya ne a ido, a takarda kuma a rabe yake tun farko.

Sabon mai faɗa a ji shi ne ɗan da ke Jidda ko Riyad. Tun bunƙasar man fetur ta shekarun 1970 kuɗin 'yan ci-rani suke gina Sudan, kuma mai turo kuɗi yana turo hoto. Hoton yana zuwa ta WhatsApp: bene mai hawa biyu, falo mai faɗi, matakala a tsakiya, bayi a cikin kowane ɗaki, tagogin gilashi. A kai wa injiniya ko ɗan kwangila a Sinja ko Wad Madani, shi kuma ya zana abin da aka nuna masa.

Ba na raina injiniya. A wannan ƙasa ba a yi sai da shi. Baƙar laka ta Jazira da Shuɗin Nilu tana kumbura da damina, ta tsuke da rani har ta dare. Duk wanda ya zaga waɗannan garuruwa a watan Afrilu ya ga bangon bulo da ya tsage daga kusurwar taga zuwa ƙasa, tsagar da hannun yaro zai shiga, an cusa tsumma a ciki saboda ƙura, ƙofar ƙarfe kuma ta karkace ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Maganin wannan shi ne harsashi mai zurfi da ya wuce inda laka ke motsi, da ginshiƙan kankare, kuma yana cin kuɗi. To, a nan lissafi yake juyawa. Tunda harsashi ne mai tsada, injiniya zai ce a yi shi sau ɗaya a hau sama, maimakon a warwatsa ƙananan sassa shida kowane da nasa. Ta fuskar siminti da rodi gaskiya ya faɗa. Amma tambayar da aka yi masa ta gini ce kawai. Ba wanda ya gaya masa cewa tsohuwar da za ta zauna a ciki ba ta hawa matakala, ko cewa daga saman benen ana hango tsakar gidan maƙwabta inda matansu ke aiki, ko cewa mutum goma sha biyu ne za su gaji ginin.

Ranar rabo

Bari mu ɗauki misali na lissafi. Mutum ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu, mata shida, iyayensa sun riga shi. Matan aure suna da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, su raba. Ragowar a kasa shi 14, namiji biyu, mace ɗaya. Idan aka mayar da dukan gidan kaso 16, kowace matar aure tana da 1, kowace 'ya tana da 1, kowane ɗa yana da 2. A tara: maza 8, mata 8. Rabin gidan na mata ne.

Yanzu a dubi zanen da aka yi shekara goma sha biyar kafin wannan rana. Sassa huɗu, na 'ya'ya maza. Ba a yi wa 'ya mace ko ɗaki ɗaya ba, wai gidan miji za ta. Alhali kowa a nan ya san 'ya mace tana dawowa: goyon ciki da wankan jego, yaji, zawarci, mutuwar miji. Matar mamaci kuma za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma a ɗakinta, bayan nan sai ta zama baƙuwa a sashen ɗan kishiya idan ba ta haifi namiji ba.

Idan filin murabba'in mita 1,600 ne mai ɗakunan ƙasa, kaso ɗaya mita 100 ne. Ana iya ja wa 'yan'uwa mata biyu ko uku danga a haɗe, su sami wurin zama ko na haya. Idan kuwa dukiyar duk ta tafi a bene ɗaya mai matakala ɗaya da tankin ruwa ɗaya, ba a yanka shi. Hukuncin abin da ba ya rabuwa sai da ɓarna shi ne a sayar a raba kuɗi idan wani magaji ya nema. Shuf'a tana bai wa abokin tarayya damar riga bare saye, amma sai mai kuɗi a hannu. Abin da ya fi faruwa shi ne ɗayan biyu: ko a sayar wa bare zuriya ta watse, ko a taru a kan 'yan'uwa mata da roƙo da kunyatarwa har su ce sun yafe. Na biyun ya fi yawa, kuma ana kiran sa zumunci. Wasu attajiran suna neman tsira ta hanyar waƙafi a kan zuriya, abin da shari'a ta yarda da shi, sai dai Halil ya lissafa waƙafin da aka yi wa 'ya'ya maza aka cire mata a cikin ɓatattu.

Ga kuma mai shawarar da ba a kira ba. Lokacin da maigida yake zana fasali da kara a ƙasa gaban malami da yaron gida da magini, uwargida tana ciki. Ita ta san ta inda iskar damina ke kaɗo hayaƙin murhu, da inuwar da randa ke so, da wace suruka ba za a haɗa ƙofarta da wace ba, da ɗakin da ya kamata a ba tsohuwa don a ji tarinta da dare. Wani lokaci maganarta tana isa ta bakin babban ɗanta ko wata gwaggo da ake jin nauyinta, amma tana isa ne bayan an zuba kankare.

Abin da shekarun nan suka gwada

Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo, aikin da aka kammala a farkon 2013, an tashi ƙauyuka da dama aka mayar da su sababbin garuruwa masu gidaje iri ɗaya a jere, waɗanda aka zana wa miji da mata da 'ya'yansu. Gidan gandu bai shiga wannan zane ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, aka kashe ɗaruruwa, dubbai suka bar gidajensu. Sai yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu, 2023. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disamba na wannan shekara, Sinja a ƙarshen Yuni 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamba.

A kowane zagaye, masu gudu gidan dangi suka fara nufa. Gidan da ke da fili a tsakiya yana iya karɓar iyali biyar cikin yini ɗaya: a kafa rakuba, a ja zana, a haƙa wani makewayi. Benen da ya cinye filinsa, ruwansa kuma sai famfo mai lantarki ya tura sama, ba ya iya wannan. Ga wanda ya bar gida ya dawo ya tarar da wani a ciki, takardar fili da shaidun iyaka su ne suka rage masa.

Yanzu mutane suna komawa, kuma za a yi gini mai yawa a 'yan shekarun nan, da kuɗin 'yan ci-rani da na amfanin gona. Kirana ga malamai shi ne su yi wa attajiri lissafin gadonsa tun ranar awon fili, ko da ransa zai ɓaci. Injiniyoyinmu su tambayi mutum nawa za su gaji gini kafin su tambayi hawa nawa ake so, su zana sassa masu ƙofa da ruwa da takarda daban-daban, ɗakin tsofaffi a ƙasa, a bar fili a tsakiya. Jami'ar Sinnar, wadda tsangayarta ta aikin gona take a Abu Na'ama, da sassan nazarin gine-gine na Zariya da Kano, su tura ɗalibai su auna waɗannan gidaje su rubuta tarihin kowane sashe tun dattawan da suka gina su suna raye. Ku kuma masu hali, idan kun tashi gini, ku kira uwargida da 'ya'yanku mata wurin shawara, ku ware musu sashe da sunansu a rubuce.